Kamarar Baba da Furar Kaka

Ku matso kusa, masu karatu, yau maganar cikin gidanmu ce, kuma na roƙe ku kada wani ya tura wa Babana. Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, sunana Anisa, ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata makarantar firamare a nan Filinge. Akwai wani dogon mutum ɗan garin Tabla, Sahabi, da ya hana zuciyata sakat. Sana'arsa haɗa farantin hasken rana da kamarori a shaguna da gidaje. Babana kuwa, Alhaji Maikano, yana Lome yana sayar da kayan mota, sai da salla muke ganinsa. Ya riga ya amince baffannin Sahabi su zo gaisuwar neman aurena bayan kasuwar Baleyara mai zuwa, ni kuma har na kai shaddata mai ruwan ƙwai wurin tela.

Baba mutum ne da ko akuya ta yi atishawa a gidanmu yana son a faɗa masa wanda ya ba ta izini. Da ya ji sana'ar Sahabi, maimakon ya tambayi asalinsa, sai ya ce ya zo ya saka mana kamara. Wai saboda ɓarayin raguna. Rago ɗaya gare mu, kuma ko ɓarawo ya gan shi sadaka zai ba shi. Sahabi ya kafa ɗaya a ƙofar gida, ɗaya tana kallon tsakar gida, ya ajiye akwatin da ke ɗaukar hoton a ɗakin hatsi kusa da akwatin wifi, ya haɗa su da wata shuɗiyar igiya. Daga nan Baba ke buɗe wayarsa a Lome ya ga har tsintsiyar da na bari a yashe. Da aka gama ya sa Sahabi ya goge abin daga tasa wayar, ya canza lambar sirri, ya zama shi kaɗai ke da ido.

Ya kuma kafa doka: zance bayan la'asar ne, a kan bencin ƙofar gida, daidai ƙarƙashin kamara.

Ku zo ku ga Sahabi. Kamarar da shi ya ɗaure ta da hannunsa, ya san kuma ba ta da kunne, amma kullum in ya sauka daga babur sai ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta.

"Baba, barka da la'asar. An wuni lahiya?"

"Ba shi jin ka hwa," nake ce masa.

"Shina ganin bakina na motsi. Matsa can kaɗan, gyalenki na taɓa min gwiwa."

Haka muke zancen, shi a wancan bakin benci, ni a wannan, tsakaninmu fili har jaki ya kwanta. In na yi dariya da yawa sai saƙo ya shigo daga Lome: "Mi ab abin dariya?"

A gidan daga ni sai Inna, wadda ke wuni a shagonta na atamfa sai magariba take dawowa, sai Kaka Tambara, mahaifiyar Inna. Daga ƙauyenmu na cikin Kurfai aka kawo ta saboda ciwon gwiwa, likita ya ce ta zauna kusa har ta gama allurai. Da ƙyar ta yarda, shi ma don an rantse mata mai gidan ba ya ƙasar. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Kaka da Baba a inuwa ɗaya ba. In ya shigo ta ƙofa, ita ta bi ta bayan rumbu. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "uban yaran ga" take cewa, shi kuma "su Inna" yake ce mata, sai ka ce mutum biyar ce. Amma da Sahabi babu wannan. "Angona" take kiransa, tana cewa in ya gaji da wannan ramammiyar ya dawo wurinta.

Muna cikin haka abin ya fara. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da saƙon murya daga Baba.

"Anisa, abin ga ya mutu. Na buɗe, sai wani zobe ka ta juyawa, shina rubuta min Hors ligne. Ki hwaɗa ma yaron ga."

Hors ligne ɗin nan, wato babu haɗi tsakanin gidanmu da wayarsa, ita ce kalmar da ta kusa raba ni da aure. Sahabi ya zo da jakarsa. Ya duba ko forfen intanet, wato datar da aka saya, ya ƙare, bai ƙare ba. Ya duba 'yar koriyar wutar da ke bayan akwatin, tana ƙiftawa lafiya lau. Ya kashe komai ya kunna. Ya kira Baba.

"Baba, ku buɗe yanzu."

"Ya zo. Ina ganin ka. Wane irin aski na wanga?"

Washegari ya sake mutuwa. Sahabi ya ce ƙila rezo ne, wato sabis, ba ya shiga ɗakin hatsi sosai, ya ɗora akwatin wifi a kan buhunan gero kusa da taga, ya tokare shi da muciya. Ya sake mutuwa. Ya ce zafi ne, ya ɗauko fankar ɗakina ya kunna wa akwatin, ni na kwana ina fifita da murfin kwano. Ya ce ɓeraye ne, Inna ta aro kyanwar maƙwabta, kyanwar ta sha mana madara ta tafi. Har sai da ya sa Baba ya goge manhajar ya sake saukar da ita, shi Sahabi ya ɗauki hoton wannan tambari mai ɗigo-ɗigo da ke manne a jikin akwatin ya tura masa. Baba ya wuni yana nuna wa wayarsa hoton da ke cikin wayarsa, kafin wani maƙwabcin shagonsa ya ara masa tasa.

Abin haushin, duk lokacin da Sahabi ya shiga ɗakin hatsi sai ya tarar komai na aiki. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta da mayafi har goshi, tana jan carbi tana yi masa sannu.

"Angona, ƙarhen ga na wahal da kai. Ka bar shi shi huta mana."

Sai ga kiran da na san zai zo. Ina ɗaura ɗankwali a gaban madubi, Sahabi na hanya, wayata ta yi ƙara. Muryar Baba a kwance, wadda ta fi faɗansa ban tsoro.

"Anisa, ni ba yaro na ba. Na lura da abin ga. Da tsakar rana shi kan mutu, wanga ban damu ba. Amma kullum bayan la'asar, da yaron ga ya zamna bisa benci, ba a jimawa sai ido shi ruhe. Sai ya kusa tashi shi buɗe. Wa yas san hanyar kashe shi in ba wanda yah haɗa shi ba?"

"Baba, wallahi muna nan bisa benci, ko tashi ba mu yi."

"Ni ban gani ba. In abin ga yas sake mutuwa lokacin zance, ko kuma ba a hwaɗa min wa ka kashe shi ba, baffanninai su yi zamansu Tabla."

Ya kashe. Na zauna a bakin gado da ɗankwali a hannu. Ku da kuke karantawa kuna dariya, ni kuka na yi, irin mai majina. Mutumin da ke gudun gyalena ya taɓa masa gwiwa, shi ake zargi da rufe ido. Da ma mun yi wani abin ne, da ban ji zafi haka ba.

Da Sahabi ya iso ko durƙuson bai yi da kyau ba, na ja shi ɗakin hatsi. Ya tsuguna a bayan akwatin ya daɗe yana kallo, sannan ya zaro shuɗiyar igiyar ya nuna mini kanta.

"Kin ga ɗan harshen robar ga da ka riƙe ta cikin rami? Ya karye. Shekaranjiya nis sa sabuwa. Ɓera ba shi karya wanga, hannu na."

"Hannun wa? Inna na shago, ni ina tare da kai, Kaka ko rediyo ba ta iya kunnawa."

"To, aljanun gidanku sun yi lakkwal, sun san boko." Sai na ga idonsa ya buɗe. "Tsaya. Ni ma wawa na. Ko an cire igiyag ga, akwatin bai bar ɗaukar hoto ba. Lome ta kawai ba ta gani. Dut abin da anka yi cikin gidan ga shina ciki."

Ya ciro ɗan allo daga jakarsa ya jona, ya koma hoton jiya bayan la'asar. Muka zauna a kan buhun gero muna kallo. Ga ni nan na fito da doguwar rigata shuɗiya, na tsaya na gyara janbaki a gilashin taga, Sahabi ya yi tari, na ce ya kalli gabansa. Na fita ƙofar gida. Tsakar gida ta yi tsit.

Sai labulen ɗakin Kaka ya motsa. Ta leƙo, ta kalli kamara ta gefen mayafi, ta bi jikin bango a duƙe, matar da in likita na kallo ba ta iya ɗaga ƙafa. Ta shige ɗakin hatsi. Da ta fito, wata mata ce daban. Ta yar da mayafin a kan igiyar shanya, ta shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi, ta jawo ƙwaryar furarta, ta miƙe ƙafafu. Ta sha, ta lashe ludayi, ta kori kaza da ƙafa, ta ci ragowar ƙosai, ta yi wata gyatsar da ko babu sauti sai da muka gan ta. Da ta gama ta wanke hannu, ta ja mayafi har goshi, ta sake shiga ɗakin hatsi, ta fito ta koma ƙofar ɗakinta ta ɗauki carbi.

Sahabi ya kifa kai a buhu, kafaɗunsa na rawa. Ni ban san ko dariya zan yi ko ihu ba, na fita na same ta.

"Kaka, ke ka cire igiya?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Ni ta."

"Don mi?"

Ta kalle ni yadda ake kallon wanda ya tambayi dalilin yin alwala. "In zamna in buɗe baki in sha hura gaban surukina? Kanki ɗaya? Shekara nawa da auren uwarki, ko ruwa bai taɓa ganin na kai baki ba. Da anka kahwa abin ga, cikin ɗaki nika ci, kwanon rufin ga na gasa ni awa masara, har na hwara ganin duhu. Ni ɗiyar ƙauye ta, ban iya cin abinci inda ba iska."

"Wa yan nuna miki igiyar?"

Ta nuna Sahabi da haɓa. "Angona. Ran da yah haɗa, nic ce mai, ta ina idon nan ka bi shi tahi Lome? Yac ce ta cikin shuɗiyag ga. To, ni kan ruhe mai ido in ci abincina, in buɗe mai in na gama. Na taɓa mance maida ta?"

Ba ta taɓa mantawa ba, wannan kam gaskiyarta ce. Ta zaɓi lokacin zance ne saboda, in na dawo daga makaranta, lokacin ne kawai babu kowa a tsakar gida da zai ga tsohuwa tana rarrafe a jikin bango.

Na ji wani sanyi a raina. Na ce wa Sahabi ya yanko wurin ya tura wa Baba, magana ta ƙare. Ya daina dariya.

"In tura ma Baba hoton surukarshi tana lasar ludayi?"

"Shi na shaidarmu."

"Anisa, in yag gani, shi da ita ba su ƙara haɗa hanya har abada. Kuma ni na nit tura."

"To aurenmu hwa?"

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Garin zaro igiyar da ya yi don ya nuna mini, ya manta bai mayar ba. Bayan la'asar, lokacin zance, ido a rufe. Ya mayar da ita da sauri, amma aikin gama ya gama. Na ɗauka na sa a lasifika.

"Ya mutu kuma," in ji Baba. "Ba ku bisa benci. Ga ku nan tsakar gida yanzu. Ba ni yaron ga."

Sahabi ya cire takalmi, ya durƙusa yana fuskantar kamarar tsakar gida, wayar a tafin hannunsa.

"Baba, laihina na. Ban iya aikin ba. Igiyar da nis sa ba ta da kyau, ita ka kwancewa."

"Kullum bayan la'asar? Igiyar na da agogo?"

"Haka Allah Yay yi ta, Baba."

Na rufe fuska. Mutumin kirki ne, amma ƙarya ba ta karɓe shi ba ko kaɗan.

"To ji nan," in ji Baba. "Ko kai maƙaryaci na, ko ba ka san sana'arka ba. Ko wanne na daga ciki, ban ba ka ɗiyata. Ka hwaɗa ma mutanenku."

Sahabi ya ce, "To, Baba," kansa a ƙasa. Bai ko kalli inda Kaka take ba. A lokacin na san ina son mutumin nan fiye da yadda nake faɗa muku, kuma a lokacin ne na fi son in rotsa masa muciya.

Sai na ji motsi a bayana. Kaka ta tashi da ƙyar, wannan karon gwiwar da gaske take. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar fura da tabarma. Ba gindin bedi ta nufa ba. Tsakiyar fili ta shimfiɗa, daidai inda kamara ta fi gani, ta zauna ta fuskance ta. Ba ta yi wa wayar magana ba, ni ta yi wa, da ƙarfin da za a ji a Lome.

"Anisa, hwaɗa ma uban yaran ga, yaron mutane bai yi mai ƙarya don kainai ba. Ni ka cire igiya. Ga abin da nika ɓoyewa, shi duba da kyau."

Ta zame mayafin daga kanta, furfurarta a waje. Ta cika ludayi. Furar na zuba a zaninta, amma ta kai baki ta sha. Ta ƙara. Idonta a rufe, hawaye na bin kumatunta, tana sha kamar magani.

Daga cikin wayar muka ji "Innalillahi," sai ƙarar kujera ta faɗi, sai muryar wani yana tambayar Alhaji lafiya. Kiran ya katse.

Kaka ta ajiye ludayi ta goge baki, ta ja mayafinta, ta shige ɗaki ta saki labule. Sahabi na nan durƙushe, ya manta yadda ake tashi.

Can sai saƙon murya ya shigo. Baba raɗa yake yi, sai ka ce Kaka tana bayansa.

"Anisa, ki ce ma Sahabi shi hau shi kwance ta tsakar gida yanzu-yanzu. Ban ga komi ba, kin ji? Ban gani ba. Baffanninai kuma su zo yadda anka shirya."

Karon farko ke nan da ya kira shi da sunansa. Na saurara har sau uku, na yi tsalle na taka wa Sahabi yatsa, shi kuma ya ruga neman tsani. Na nufi ɗakin Kaka in rungume ta in faɗa mata ta gyara mini aure.

Na tarar ta ɗaure kayanta a zani. Kwalbar man zafinta, 'yar butarta, takardar allurai da ba ta gama ba, duk ta cusa.

"Kaka, ina za ki?"

"Gida."

"Allurarki hwa? An kwance kamarar, Baba yac ce bai ga komi ba."

"Ya gani. Ni ma na san ya gani." Ta ɗora ƙunshin a ka. "Na ci abinci gabanai, ɗiyata. Ban iya kwana ƙarƙashin rufinai kuma. Ce ma angona shi kai ni tasha kahin motar ƙauye ta tashi."

Na roƙe ta, na riƙe mata zani, na ce a jira Inna ta dawo. Ta ɓamɓare hannuna a hankali ta wuce, tana ɗingishi, har ƙofar gida. Ta tsaya kusa da babur ɗin Sahabi ta juya wa kamarar ƙofa baya. Wannan kam ba a kwance ta ba, kuma na san wanda ke kallo.

Wayata ta yi ƙara. Na ɗauka.

"Anisa," in ji Baba, muryarsa ba irin wadda na sani ba. "Ba su Inna wayar. Ni ka son magana da su."

Tun kafin a haife ni bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba. Na matsa kusa da ita na miƙa mata, ina jin numfashinsa a ciki yana jira. Kaka ta kalli wayar, ta kalle ni, sannan ta tura hannuwanta duka biyu cikin mayafi.